Ko ka sani? Gam ɗin fata ya fi sufa gulu wajen gyaran allon fiyano

Tsirkiyoyin fiyano sun haura 200, kuma jan da suke yi idan an haɗa ya kan kai tan 18 ko fiye, shi ya sa ake yi musu gangar jiki ta zubin ƙarfe, irin wadda Alpheus Babcock na Amurka ya ƙirƙiro tun 1825. Amma allon da makaɗi ke jingina takardun kiɗa a kai siririn katako ne kawai, sau da yawa an yi masa ado da huje-huje, yana rataye a kan ƙananan hinji biyu. A wurin hinjin ya fi karyewa, ko inda ado ya rage masa kauri. Mai gaggawa sai ya ɗauko sufa gulu ko ƙusa. Ni a ganina ɓarna ce, domin ƙusa tana tsaga katako mai wannan sirantaka, sufa gulu kuwa yana shiga cikin naman katakon ya daskare kamar gilashi, ya bar tabon da ba ya kankaruwa sai da katakon.

Masu ƙera fiyano na da, gam ɗin fatar dabbobi suke dafawa, a ɗumama shi zuwa kusan digiri 60, a shafa da zafinsa, a matse ɓangarorin biyu har ya bushe. Amfaninsa shi ne yana sakin jiki idan aka sa masa ɗumi da danshi, sabo kuma yana kama tsohonsa. Saboda haka duk ranar da allon ya sake karyewa, kafinta zai buɗe mahaɗin, ya gyara, katako bai ragu ba. Ramin sukurun hinjin da ya buɗe shi ma ba a cusa masa babban sukuru. Ana toshe shi da guntun katako da gam, a sake hudawa.

Za a ce gam ɗin zamani ya fi ƙarfi. To, ƙarfin me ake nema? Idan tsagar ta bi tsawon katako, aka haɗa ta daidai, gam ɗin fata ya kan riƙe har katakon ya karye a gefe, mahaɗin yana nan. Za a kuma ce laima tana kashe shi, gaskiya ne. Sai dai ɗakin da laimarsa ta kai ta narkar da shi, tuni ta sa tsirkiyoyi tsatsa, ta kumbura maɓallai, kuma gyaran waɗannan ya fi na allo tsada nesa ba kusa ba.