Babi na Bakwai: Keke a Hanyar Burji da Batun Iskar Taya

A shekarar 2006 wasu mahaya keke a garin Emporia na jihar Kansas, a Amurka, suka fara tseren mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa na karkara. Abin ya bunƙasa har aka ƙera masa keke na musamman, mai kai irin na keken tsere amma da taya mai kauri, kuma a 2022 aka yi gasar duniya ta farko a Italiya. Da yawa daga masu irin wannan keke ba tsere ya dame su ba, gandun daji suke shiga su zago cikin inuwa su dawo inda suka tashi. Basakkwace zai yi murmushi, domin tun zamanin keken Rali mai sanda manoman Wamakko da Kware ke bin burji da burtali, ba wanda ya ba su kambu. Amma akwai abu guda da ya kamata mu karɓa daga wajensu: inda babu kwalta, taya mai ɗan laushi ta fi mai tauri gudu.

Wannan magana ba ta shiga kunnen mutanenmu. A tsaya wajen mai faci a ga yadda ake yi: yaro na ta danna famfo, mai keke na matsa tayar da babban yatsa yana cewa "ƙara mata", ba zai yarda ba sai yatsan ya kasa lotsa ta. A ganinsa tauri shi ne gudu. A kan kwalta mai sulɓi yana da ɗan gaskiya, amma kwalta nawa ce tsakanin gona da gida? Nauyin mutum da kekensa yana sauka ne a kan ɗan wurin da taya ta taɓa ƙasa, kuma idan aka rage iska da rabi wurin nan yakan kusa ninkawa. Shi ya sa tayar da aka cika tam take yanka rairayin jigawa ta nutse, mai ɗan laushi kuwa ta baje ta wuce, yadda tafin raƙumi ke shimfiɗuwa a inda kofaton jaki ke lumewa. A kan gargada kuma taya mai tauri tsalle take yi a kan kowace tsakuwa, ƙarfin da mutum ya zuba a feda ya ƙare wajen girgiza masa kafaɗu da ƙugu. Masu keken tsakuwa suna amfani da taya mai faɗin milimita 38 zuwa 50, da iskar da ba ta cika wuce 30 zuwa 40 a geji ba, alhali siririyar tayar tsere ta da kan sha kusan 100.

Abin haushin shi ne don laushin nan aka ƙirƙiro tayar iska ta keke tun farko. John Boyd Dunlop likitan dabbobi ne a Belfast, ba injiniya ba. Ya ga ɗansa na wahala da keke mai ƙafa uku mai tayar roba zalla a kan hanya mai gargada, sai ya naɗa masa bututun roba ya hura masa iska, ya yi rajistar dabarar a 1888. 'Yan tsere suka yi ta dariyar wannan taya mai kumburi, sai ga Willie Hume ya hau ta a 1889 ya cinye tsere huɗu a rana ɗaya a garin. Wanda ya bi wannan taya ya ɗura mata iska har ta daina lotsawa, ya koma kan tayar da Dunlop ya gudu daga gare ta, da kuɗinsa kuma.

Za a ce rage iska na jawo faci. Idan an wuce gona da iri, haka ne: taya ta daki dutse, bakin gargare ya ciji robar ciki, a sami huda biyu kusa da juna. Mai ɗauko buhun albasa daga fadamar Rima ma dole ya ƙara wa tayar baya iska, ba gardama. Sai dai yawancin facin da ake yi a ƙasar nan ƙaya ce, musamman tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, su kuwa ba ruwansu da yawan iska. Maganinsu taya mai kauri, ko irin wadda ba ta da robar ciki, ana zuba mata ruwan danƙo da ke toshe huda da kansa.

Za a kuma ce ina dajin? Sakkwato ba ta da kurmi, kuma gandun daji irin na Gundumi rashin tsaro ya hana shi shiguwa, kada wani ya gwada. Inuwar da ake da ita ta dogon yaro ce da lambunan mangwaro na bakin fadama. Shi dogon yaron ma baƙo ne daga Indiya, ya zauna ya zama ɗan gari. A kwarin Majiya da ke Nijar, arewa da Illela, da shi aka jera layukan tare iska tun daga 1975. Wanda ya fita da sassafe wajen Dundaye, ya bi gefen fadama ya zago, zai taka fako da rairayi da busasshiyar laka a tafiya ɗaya. Lokacin irin wannan fita hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, da damina kuma lakar fadama na cushe tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi motsi, a koma ɗaukarsa a kafaɗa.