Kantu da Isaka Isaka, gurmi da gita: Shin mazan jiya sun fi na yau?

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a kasuwanninmu, tun daga Dawce zuwa Matamai har cikin birnin Damagaram. Da zarar ciniki ya lafa, rana ta take, sai a ji dattijo a rumfar hatsi yana rantsuwa cewa tun da Kantu ya bar fili ba a sake ɗan kokowa ba. Yaron shago kuma ya zaro wayarsa ya nuna kayen Isaka Isaka. Su ma iyayenmu mata masu tuyar ƙosai da masu sai da daddawa suna da tasu: wai kiɗan yanzu hayaniya ce, ba ya ratsa jiki kamar gurmin da. Mun ga ya dace mu baje wannan haja a faifai, mu auna ta yadda ake awon gero, kowa yana gani.

Mu fara da kokowa. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka buɗe gasar ƙasa ta farko a Tawa, kuma Yakuba Ango Kantu na Maradi ne ya zama sarki. A zamaninsu aka yi su Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa namu na Damagaram. Girman da ƙasa ta ba su ba ɓoyayye ba ne: filin kokowar Maradi sunan Kantu gare shi, na Doso sunan Salma, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa. Waɗannan mutane gona ce ta gina musu jiki, dandalin ƙauye bayan kaka shi ne makarantarsu.

A ɓangaren na baya kuwa, bayan su Balla Haruna, an zo ga Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka. A ƙarshen 2023 a Agadas ya ɗaga takobi karo na shida, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Idan da ƙirga ake yanke hukunci, da gardama ta ƙare nan. Amma dattawa sai su ce ai ƙirga ba ita ce kokowa ba.

Abin da muka lura shi ne mudu biyu ake amfani da su a wannan awo. Yawancin masu yabon Kantu ba su taɓa ganin shi da ido ba. A rediyo suka ji shi, a bakin makaɗa irin su Sagalo suka san shi, kuma makaɗi ba ya waƙe ranar da gwaninsa ya sha ƙasa. Haka Ɗan Anace ya yi wa Shago a fagen dambe, har yau sunan yana tashi kamar jiya aka yi. Ɗan kokowar yau kuwa komai nasa a fili yake. Talabijin na ɗauka, wayoyi na ɗauka, idan ya zame ko ya ja da baya, kafin magariba an gani a kowace rumfa. Na da mun riƙe ranakunsu na sa'a kaɗai, na yau kuma muna riƙe da har tuntuɓensu. Kowace 'yar kasuwa ta san idan aka saya da babban mudu aka sayar da ƙarami, ba a yi adalci ba.

A wasannin faɗa na zamani ma haka zancen yake. Isaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla a damben Turawa a wasannin Olamfik na Munik a 1972. Sai da aka yi shekara 44 kafin Abdul Razak Isufu Alfaga ya samo ta azurfa a takwando a birnin Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017 a Koriya ta Kudu. Wa zai ce na biyun ya gaza na farko?

Mu koma ga masu kiɗan tsirkiya. Kafin gita ta iso mu, muna da gurmi da garaya da molo da goge. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zagaya duniya, yana yi wa ɗan ƙwadago da mai tura kura waƙa. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi suna. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar a nan jihar Damagaram, malamin makaranta ne da ya riƙe gurminsa mai tsirkiya biyu har ya zama abin alfahari ga ƙasa. A gita kuma Abdalla Umbadugu na yankin Agadas shi ne ya share hanya. A shekarun tawaye na 1990 kasakasansa a ɓoye suke yawo hannu zuwa hannu. Ya rasu a 2020.

Magadansu fa? Bombino, ɗan Agadas, shi ne ɗan Nijar na farko da sunansa ya shiga takarar kyautar Grammy ta Amurka, a 2019. Mdou Moctar na jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko a 2008, suka bazu daga waya zuwa waya kafin Turawa su ji shi, har suka riƙa kwatanta shi da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin gitar Amurka da ya rasu a 1970. Ga kuma Fatu Saidi Gali ta ƙauyen Illigadad, mace da ta ɗauki gita ta kai ta Turai da Amurka. Ta fuskar gudun yatsa da nisan tafiya, na yau ba su da abin jin kunya.

To ina dattawa suke da gaskiya? Suna da ita a wuri guda, kuma wuri ne mai nauyi. Mazan jiya namu ne, a gabanmu suka girma, da kuɗinmu suka rayu. Mai gurmi yana bin rumfa-rumfa ranar kasuwa, ya san sunan mahaifin sarkin pawa, ya san wadda ta fi kowa iya fura. Dalar da ɗan kasuwa ya miƙa, da zanen da uwar biki ta yafa masa, su ne albashinsa. Yau da yawa cikinmu idan biki ya tashi sai mu ɗauko mai manyan lasifikoki ya sa mana waƙar da kwamfuta ta kaɗa. Yaron da ya ga mai gurmi ba ya samun na cefane, me zai sa ya koya?

Darasin Mamman Barka ya ishe mu. A 2002 ya tafi bakin tafkin Chadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ganin shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Ba don wannan tafiya ba, da kiɗan ya bi tsohon kabari. Shi ma Barka ya rasu a 2018. Abin kiɗa ba ya mutuwa don ya tsufa, rashin mai karɓa ke kashe shi.

Kokowa ta fi sa'a, domin gwamnati na riƙe da ita: jihohi 8, kowace da 'yan kokowa 10, ga doki da rawani da miliyoyin sefa ga sarki. Amma waɗannan 80 ba daga sama suke faɗowa ba. Daga dandalin garuruwa irin Dawce ake tsamo su. Idan samari suka watse ci-rani tun ba a gama ɗaure dammunan gero ba, ba a buga gangar kokowa ba, to nan da 'yan shekaru jihar Damagaram za ta rasa wanda za ta tura filin da ke ɗauke da sunan Langa-Langa.

Don haka shawararmu ga 'yan uwa 'yan kasuwa, maza da mata, ita ce mu rage wa gardamar zafi mu ƙara wa hannu nauyi. 'Yan adashi na iya haɗa kan buhun gero da turmin atamfa su sa a kokowar kaka. Mai aurar da ɗiya ta ware wa mai gurmi ko mai garaya dare ɗaya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma sai an ci gaba da ɗora amya a bishiya kafin a samu zumar da za ta tsufa gobe. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya ƙara wa na yau basira, mu kuma Ya ba mu ciniki mai albarka.