Lissafin Ƙarfin Wutar Lantarki: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

A ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura, jama'a sukan haɗa kuɗi su sayi injin niƙa ko famfon rijiyar burtsatse, kana su kawo maganar gaban hakimi ya sa albarka. Sau da yawa kuwa ba a jimawa injin ya ƙone, a koma ana zargin juna. Galibi ba mugunta ba ce, rashin lissafi ne kurum. Lissafin nan ba shi da wuya ga malamin da ya saba da littafin haraji.

Abu uku ake aunawa. Misalinsu kamar ruwan tanki ne da ke bin bututu. Ƙarfin da ke tura ruwan shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne amfiya. Aikin da ruwan ya iya yi kuwa shi ne wat. An ɗauko sunayen nan daga masana uku na Turai, watau Volta na Italiya, da Ampère na Faransa, da James Watt na Sikotilan. A jikin kowane kaya akwai ɗan allo da aka buga haruffan V da A da W, su ne waɗannan ukun.

Ƙa'idar ita ce: bolt sau amfiya, shi ne wat. In an san wat, sai a raba shi da bolt a sami amfiya. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ita ce kamfanin KEDCO ke rarrabawa a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun 2013. To, dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4 da 'yan kai. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan 9. In aka haɗa su a soket ɗaya sun kai 13, alhali kuwa filogi mai ƙafa uku iyakarsa ke nan. Aka ƙara ko da firij ne, sai fiyus ya tsinke. Wanda ya ɗaure gurbin fiyus da guntun waya, ya cire mai gadi ne daga ƙofar gidansa, domin wayar cikin bango ce za ta ɗauki zafin.

Sha'anin inji ya fi wannan zurfi, nan ne kuma dukiyar jama'a ta fi salwanta. Ana auna inji da ƙarfin doki, doki ɗaya kuwa wat 746 ne. Amma wannan aikin da yake fitarwa ne, ba abin da yake ci ba. Wani kashi yana lalacewa ya zama zafi, saboda haka famfo mai doki ɗaya yakan ci wajen wat 1,000. Bayan wannan, inji yakan ja wutar da ba ta zama aiki, tana kai da kawo ne kawai cikin waya domin riƙe maganaɗisunsa. Don haka masu sana'ar sukan ɗauki kashi 8 cikin 10 na bolt su yi rabon da shi. Watau 1,000 a raba da 184, ya ba da amfiya 5 da rabi.

Lokacin tashi kuwa, inji yakan fizgi ninki 5 ko 6 na wannan na ɗan lokaci kaɗan, kamar yadda amalanke ya fi nauyi sa'ad da shanu za su motsa shi daga tsaye. Shi ya sa janareta mai wat 1,000 ba ya tā da famfo mai doki ɗaya, ko da yake a takarda sun yi daidai. Lalle a nemi wanda ya ninka haka sau 3. A kuma lura, janaretan da aka rubuta wa kVA 5, abin da yake bayarwa wat 4,000 ne.

Akwai wani kuskure da ya bazu, cewa wuta in ta yi rauni ba ta ɓarna. Ga ƙwan fitila haka ne, dusashewa kawai yake yi. Ga inji kuwa akasin haka ne. A ƙauyen da ke ƙarshen dogon layi, in bolt ya sauka zuwa 180, famfon nan zai ja kusan amfiya 7 domin ya cika aikinsa, zafin da ke cikin naɗin wayarsa kuma ya ƙaru da fiye da rabi. In an ga fitilu sun yi ja, a kashe injin.

Masu amfani da hasken rana su ma lissafin ya shafe su. Batir bolt 12 ne. Kaya mai wat 120 zai ja amfiya 10 daga batir, alhali a wutar gari rabin amfiya kurum yake ja. Saboda haka wayar batir dole ta zama mai kauri, gajera kuma.

Ya kamata malamin hakimi ya buɗe shafi ga kowane injin jama'a da ke gundumarsa, ya kwafe abin da ke jikin allonsa, bolt da amfiya da ƙarfin doki, tun kafin a biya kuɗi. Ɗaura waya kuwa aikin gwani ne mai takardar shaida, ba a barin yaran gida su taɓa.