Tagwayen Haƙori a Bakin Yaro: Kada a Cire, Kada a Kau da Kai

Daga wajen wata 6 haƙoran yaro suke fara tsirowa, kafin ya cika shekara 3 sun kammala, guda 20, goma a sama goma a ƙasa. A wannan tsakani ne wata uwa kan lura cewa ɗaya daga cikin na gaba ya fi 'yan'uwansa faɗi, ga wata 'yar tsaga a tsakiyarsa, sai ka ce haƙora biyu aka manne. A garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama, inda wanzami ya fi likitan haƙori kusa da ƙofar gida, maganar takan ƙare a ɗayan biyu: ko a ce a cire shi tun bai ɓata wa yaro baki ba, ko a ce a ƙyale, ai famfara na nan tafe. Duka biyun kuskure ne. Haƙorin nan galibi ba cuta ba ne, don haka babu hujjar gaggawar cire shi. Amma yana ɗauke da labarin abin da ke ƙarƙashin dasashi, don haka babu hujjar mantawa da shi.

Asalin abin tun yaro yana ciki ne, domin tushen haƙoran farko yakan fara haɗuwa a wajen mako na 6 da ɗaukar ciki. Manomin albasa a Aliero ya san cewa tagwayen albasa kan samu ta hanya biyu: ko ƙwaya ɗaya ta rabu gida biyu, ko biyu su tashi a matse har su zama kamar ɗaya. Haka yake a baki. Wani lokaci tushe ɗaya ne ya so rabuwa bai ƙarasa ba, wani lokaci tushe biyu ne na maƙwabta suka haɗe tun suna da taushi. Iyaye ma za su iya gwada bambancewa da ƙirge. A ɗauki haƙorin mai faɗi a matsayin ɗaya, a ƙirga jerin bayan duk sun fito. In an sami goma, mai yiwuwa ɗaya ne ya so rabuwa. In an sami tara, biyu ne suka haɗe. Ƙirgen yakan yaudari mutum idan haƙorin ya haɗe da wani na ƙari da ya wuce adadi, shi ya sa hoton ƙashi ne ke yanke hukunci. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban yana nuna abin a tsakanin yaro 1 cikin 200 zuwa 2 ko 3 cikin 100, an kuma fi ganinsa a Japan. Ba maita ba ce, ba kambun baka ba ne, kuma ba wani abin da uwa ta ci ko ta ƙi ci aka tabbatar yana jawo shi ba. Akan dai gan shi yana bin dangi.

Mai cewa famfara za ta share komai yana da rabin gaskiya, sauran rabin ne matsalar. Tsagar da ke tsakiyar haƙorin wuri ne da koko da alewa da ruwan rake ke maƙalewa, aswaki da buroshi kuma ba sa kaiwa ƙasanta sosai. Nan kogo yake fara ci, kuma da yake ɓawon haƙorin yaro siriri ne, ba a jimawa yake isa jijiya. Ruɓar da ta kai saiwa tana iya taɓa haƙorin girma da ke kwance a ƙasa, ya fito da tabo ko da nakasa. Sannan ga batun lokaci, wanda shi ne ya fi ɓoyuwa. Haƙorin gaba na biyu a jerin ƙasa yakan faɗi a shekara 7 zuwa 8, fiƙar da ke gefensa kuwa sai shekara 9 zuwa 12. Idan waɗannan biyun ne suka haɗe, kuma suna cikin waɗanda aka fi gani, to an ɗaure haƙora biyu masu wa'adi daban a jiki ɗaya. Ɓangare ɗaya na saiwar zai narke, ɗayan ya riƙe gam, sabon haƙori ya rasa hanya, ya makara ko ya ɓullo a karkace. Abu mafi muhimmanci kuma, haɗewar haƙoran farko guda biyu sau da yawa tana zuwa tare da rashin ɗaya daga cikin haƙoran girma da ya kamata su gaje su. Iyayen da suka san haka tun yaro yana shekara 5 ko 6 suna da damar shiri da likita. Waɗanda ba su sani ba sai dai su yi ta jiran haƙorin da ba a halitta ba.

Mai son a cire kuma hujjarsa ita ce wanzamai sun daɗe suna cire haƙori, mutane kuma suna nan da ransu. Ba a raina sana'ar gado, amma wannan haƙori ba irin wanda hannu ya saba da shi ba ne. Yana iya zama da saiwa biyu, ko ɗaya mai faɗi, kuma ido ba ya ganin ko wacce ce. Fizgar sa na iya karya saiwar a ciki ko ta raunata na ƙasa. Idan fiƙa ta tafi da wuri, maƙwabtanta sukan zame su cike gurbin, jerin ya karkata gefe. Ƙarfen da bai sha tafasa da kyau ba kuwa hanya ce ta ciwon hanta da sandarewar wuya. A wannan yanki ma akwai ƙarin dalilin kiyaye dasashin yaro: cutar noma, wadda aka gina wa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023, daga kumburin dasashi take farawa a bakin yaran da yunwa ta raunana. Tagwayen haƙori ba ya jawo ta, amma buɗe miki ba dalili a bakin yaro mai tamowa ganganci ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta aljihu: likitan haƙori yana nesa, kuɗin mota da na hoto ba wasa ba ne. Gaskiya ne, sai dai abin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba. Mafi yawan aikin a gida yake: goge baki safe da dare da man da ke da sinadarin fuloraid, kwatankwacin ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara 3, ƙwayar wake ga wanda ya haura, babba ne kuma zai riƙe buroshin ya bi tsagar. A rage kayan zaƙi tsakanin abinci. Tafiya ɗaya zuwa sashen haƙori a Birnin Kabi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta isa a duba, a like tsagar da wani ruwan roba mai daskarewa ba tare da allura ba, a tsai da lokacin ɗaukar hoto. Cirewa tana zuwa ne kawai idan ruɓa ta ci ƙarfinsa, ko hoto ya nuna ya tare wa na ƙasa hanya, kuma a lokacin likita ya riga ya ga siffar saiwar.

Kada a rikita tagwayen haƙori da abin da kan faru a shekara 6 ko 7, inda sabon haƙori ke fitowa ta bayan tsohon, a ga jeri biyu. Wannan galibi yakan gyaru da kansa idan tsohon ya yi laushi ya faɗi, harshe ya turo sabon gaba. A tagwayen haƙori kuwa, abin da ba ya jira shi ne baƙi a cikin tsagar, ko kumburi da ƙurji a dasashi, ko yaro ya daina tauna ta wannan gefe, ko kuma takwaran haƙorin na ɗaya ɓangaren ya faɗi da wata 6 shi kuwa ko motsi bai fara ba.