YADDA AKE KARANTA TSOHON FARASHIN HANNUN JARI

Kowane ɗan kasuwar hatsi ya san abin da mudun gero ya kama bara da kaka, da abin da ya kai da bazara, kuma da wannan sani ne ya kan yanke shawarar lokacin saye da lokacin sayarwa. To, haka masu hannun jari a kamfanoni su ma suke da nasu littafin tunawa, watau jerin farashin da hannun jarin kamfani ya kama kowace rana tun daga ranar da aka shigar da shi kasuwa. Malaman makaranta da akawunan ofis da yawa suna da 'yan hannaye a wani kamfani, waɗansu sun saya, waɗansu sun gada. Waɗanda ba su da ko ɗaya ma, tun daga dokar fansho ta 2004 ana juya wani kashi na kuɗin fanshon ma'aikata a wannan kasuwa. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake karanta jerin nan, don rashin sani ya fi dare duhu.

ABIN DA KE CIKIN JERIN

Ana samun jerin a shafin kasuwar hannun jari na intanet, ko wurin dillalin da hukuma ta ba lasisi. Kowane layi rana guda ce. Bayan kwanan wata sai farashin da aka buɗe kasuwa da shi, sai mafi tsadar da aka yi ciniki a ranar, sai mafi araha, sa'an nan farashin da aka tashi kasuwa a kansa. Wannan na ƙarshe shi jaridu suka fi bugawa. Daga nan sai yawan hannayen da aka saya aka sayar a ranar. A waɗansu jerin akwai wani gida kuma da ake kira gyararren farashi, wanda ya fi duk sauran amfani ga mai duban shekaru masu yawa. Ga dalili.

MISALIN COCA-COLA

A 1919 waɗansu attajirai a ƙarƙashin Ernest Woodruff suka sayi kamfanin Coca-Cola na birnin Atlanta, a Amurka, a kan dala miliyan 25, suka fitar da hannayen jarinsa kasuwa, kowane hannu dala 40. Kafin a yi nisa sukari ya yi tsada, farashin hannun ya faɗi ƙasa da dala 20. Wanda ya razana ya sayar a lokacin, rabin kuɗinsa ya tafi.

Wanda ya riƙe nasa fa? In mutum ya dubi dala 40 na 1919, ya dubi wajen dala 39 da hannun ya kama a tsakiyar watan Agusta na 2012, sai ya ce shekara 93 an yi ta tafiya ba a ci ko taku ɗaya ba. Amma fa ba haka abin yake ba. Idan hannu ya yi tsada, kamfani ya kan tsaga shi biyu ko uku don ƙananan masu saye su iya, kamar a ce an raba mudu zuwa rabi-rabi. Mai hannu ɗaya sai ya wayi gari da biyu, kowanne a rabin kuɗin na da. Dukiyarsa ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Tsakanin 1927 da 2012 Coca-Cola ya yi irin wannan sau goma sha ɗaya, har hannu guda na 1919 ya zama hannaye 9,216. A tsagawar 2012 kaɗai farashi ya sauko daga wajen dala 79 zuwa wajen dala 39 a tsakanin tashin kasuwa da buɗewarta, ba tare da kowa ya yi hasarar komai ba.

Gyararren farashi shi ne tsohon farashi bayan an raba shi da yawan tsagawar da ta biyo baya. In an raba dala 40 gida 9,216, abin da zai fito bai kai rabin kwabon Amurka ba, wanda ɗari nasa ke yin dala guda. Wannan ɗan ƙanƙanen adadi shi ya kamata a gwada da farashin yau. Masu tsara waɗansu jerin su kan sa har da ribar da aka raba cikin gyaran, saboda haka mai karatu ya duba bayanin da ke ƙarƙashin jerin ya ga wane irin gyara aka yi.

RIBA DA DARAJAR KUƊI

Farashi kaɗai ba ya nuna duk abin da mai hannu ya samu. Kamfani mai cin riba ya kan raba wani kashi ga masu jari kowace shekara, kuma a Nijeriya kamfanoni da yawa sun saba ba da ƙarin hannaye kyauta, kamar gyaran da mai awo ke yi wa mai saye. Ga misali na lissafi. A ce wani akawu ya sayi hannaye 1,000 a kan naira 20 kowanne, watau naira 20,000. Bayan shekara biyar ya duba jarida ya ga farashi naira 18, ransa ya ɓaci. Amma a cikin shekarun an ba shi kyautar hannu ɗaya a kan kowane huɗu, nasa sun zama 1,250, kimarsu naira 22,500. An kuma raba masa riba wadda jimlarta ta kama naira 5,000. Abin da ke hannunsa ke nan naira 27,500, ya ci naira 7,500.

Lissafin bai ƙare ba tukuna. A ce a shekarun nan biyar kuɗin abinci da na haya sun ninka. Ashe naira 40,000 yake bukata kafin ya sayi abin da naira 20,000 ta saya masa da. A takarda ya ci riba, a kasuwa kuwa ya koma baya. Haka ma dala 40 na 1919, in an auna su da tsadar kaya, sun haura dala 700 na 2024. Mai duban tsofaffin takardun Nijeriya kuma ya tuna cewa kafin 1973 da fam da sule ake lissafi, kuma fam guda naira biyu aka canza shi.

ABIN DA JERIN KE KOYARWA

Amfani na farko, jerin yana nuna zurfin ramin da hannu ya taɓa faɗawa, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya fito. Coca-Cola ɗin nan da kansa ya haura dala 88 a 1998, watau wajen dala 44 a gyararren lissafi, sa'an nan ya sauko, bai sake taka wurin ba sai 2014. Shekara goma sha shida ba wasa ba ce ga wanda ya sa kuɗin auren 'yarsa.

Na biyu, ana gwada kamfani da sauran kasuwa. Kasuwar hannun jari ta Ikko, wadda aka kafa a 1960 ta soma ciniki a 1961, tana da wani ma'auni da ya haɗa kamfanoninta duka, an fara shi da 100 a 1984. A watan Maris na 2008 ya haura 66,000, bayan shekara guda ya koma wajen 20,000, bai sake kai matsayinsa na da ba sai 2023. In hannun wani kamfani ya faɗi a 2008, tare da kowa ya faɗi. In kuwa ya faɗi a shekarar da sauran ke hawa, to, ruwa ba ya tsami banza, sai a nemi rahoton shekara na kamfanin a ga abin da ya sami cinikinsa.

Na uku, gidan yawan ciniki yana gaya wa mutum ko zai sami mai saye ranar da bukata ta taso. Hannun da akan yi kwanaki ba a taɓa shi ba, farashin da aka rubuta masa na takarda ne kawai.

Na huɗu, akwai lokacin da ake bukatar kimar hannu a wata rana takamaimai, kamar wajen ƙididdige dukiyar mamaci kafin rabon gado, ko ranar da shekara ta cika ga mai fitar da zakka. Jerin zai ba da adadin, hukuncin kuwa na malamai ne.

GARGAƊI

Jerin farashi labarin jiya yake bayarwa, ba shi da alkawarin gobe. Kamfanin Kodak na Amurka, mai yin fim ɗin ɗaukar hoto, ya shekara da shekaru yana cikin manyan kamfanonin duniya, hannunsa ya haura dala 90 a 1997. Da mutane suka koma ɗaukar hoto ba da fim ba, ciniki ya mutu, hannun ya faɗi ƙasa da dala ɗaya, kamfanin ya kai kansa kotu a watan Janairu na 2012 don ya kasa biyan bashi, aka soke tsofaffin hannayen a 2013. Wanda ya dubi jerin Kodak a 1997 ba zai ga alamar wannan a ciki ba. Labarin irin su Coca-Cola ake yawan bayarwa don sun rayu, waɗanda suka mutu kuwa an share sunayensu daga jerin. Haka kuma a Nijeriya kafin 2008 mutane da yawa sun ga farashi yana ta hawa, suka ci bashin banki suka saya, da kasuwa ta karye sai ga bashi a wuya, jari ya narke.

Saboda haka duk wanda dillali ya nuna wa hoton layi mai hawa sama, ya tambaye shi abu huɗu: daga wace shekara aka fara hoton, an gyara farashin ko ba a gyara ba, nawa aka raba na riba, kuma nawa kaya suka tashi a shekarun. Malaman lissafi kuwa, ga aiki mai kyau ga manyan azuzuwa. A ba yara farashin kamfani guda na ƙarshen kowace shekara har shekara goma, su zana shi a takarda, su fitar da hawa da sauka bisa ɗari, su nuna shekarar da ta fi muni. Yaron da ya yi wannan da hannunsa zai yi wuyar ruɗuwa in ya girma ya fara karɓar albashi. Allah ya sa mu dace, amin.