Rage zirga-zirgar jiragen sama na yanki a Amurka

Kamfanonin jiragen sama na yanki ƙananan kamfanoni ne da ke ɗaukar fasinjoji daga ƙananan garuruwa zuwa manyan filayen jirgi a madadin wani babban kamfani. A Amurka mutum kan sayi tikiti a hannun United, ya shiga jirgi mai tambarin United Express, alhali matuƙansa da ma'aikatansa na wani kamfani ne, kamar SkyWest. Haka tsarin yake a American Eagle da Delta Connection. Daga shekarar 2020 waɗannan kamfanoni sun janye jiragensu daga garuruwa da dama.

Yadda kwantiragin yake

Babban kamfanin ne ke tsara jadawali, ya yanke kuɗin tikiti, ya sayar da kujeru. Ƙaramin kuma ana biyansa gwargwadon sawun da ya yi da awoyin da ya shafe a sama, jirgin ya cika ko bai cika ba. Don haka rayuwarsa a hannun kwantiragi take. Da United ta raba gari da ExpressJet a lokacin annobar korona, kamfanin ya dakatar da aiki ranar 30 ga Satumba 2020.

Ƙarancin matuƙa

Ranar 12 ga Fabrairu 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bayan haɗarin ne aka tsaurara doka: daga 2013 sai mai awa 1,500 na tuƙi ake ɗauka a matsayin mataimakin matuƙi, maimakon awa 250 a da, ko da yake an yi sassauci ga tsofaffin sojoji da waɗanda suka yi karatun tuƙi a jami'a. Tara waɗannan awoyi na cin lokaci da kuɗi.

A lokacin korona manyan kamfanoni sun ba matuƙa da yawa damar yin ritaya da wuri. Da tafiye-tafiye suka dawo, sai suka cike gurbinsu da kyaftin-kyaftin na ƙananan kamfanoni. Ƙananan suka ƙara albashi sosai a 2022 don riƙe mutanensu, abin da ya sa jirgi mai kujera 50 ya daina biyan kuɗin aikinsa a hanyoyi da yawa.

Garuruwan da abin ya shafa

A watan Maris 2022 SkyWest ta sanar da Ma'aikatar Sufuri cewa za ta daina zuwa garuruwa 29 da take yi wa hidima da sunan United Express. Garuruwan suna cikin wani shirin tallafi da gwamnatin tarayya ta kafa a 1978, domin kada ƙananan garuruwa su rasa jirgi. A irin waɗannan hanyoyi SkyWest ce ke ɗaukar riba da asara, shi ya sa shawarar ta fito daga wajenta. Ma'aikatar ta hana ta janyewa har sai an samu wanda zai maye gurbinta.

Garuruwan da ba sa cikin shirin ba su da wannan kariya. A Satumban 2022 American ta bar Toledo da Dubuque da Islip da Ithaca.

Kamfanonin na yanki suna ɗora laifin kan dokar awa 1,500. Ƙungiyar matuƙa ta ALPA kuwa tana cewa masu lasisi sun wadatar, ƙarancin albashin da aka daɗe ana biya ne ya kore su.