Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Sanin Allah da Aikin Bishara

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Niyyarsu su kai bisharar Almasihu cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani, wato yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Babu wata babbar ƙungiya a bayansu, kuɗin hannunsu kuma bai taka kara ya karya ba. Tsofaffin 'yan mishan da suka tarar a bakin teku sun gaya musu ƙiri-ƙiri cewa tafiyar ba za ta yiwu ba. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham, wanda zazzaɓi ya tsayar a Legas, ya koma gida ba tare da ya kafa ko bukka ɗaya ba.

Masu ba da wannan labari a majami'u sukan yi tsalle daga nan zuwa nasarar da ta biyo baya. A ganina shekarun da ke tsakani su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu. Bingham da kansa ya bayyana cewa mutuwar abokansa ta girgiza bangaskiyarsa har tushe. Ya tafi da tabbacin cewa Allah ne ya aike su, sai ga kaburbura biyu. Ya koma ga karatun Littafi Mai Tsarki, yana neman sanin ko wane irin Allah ne wannan da ke kiran mutum, ya kuma bar shi ya mutu a hanya. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka samu tasha ta farko a Patigi, a ƙasar Nufe. Daga ƙungiyar mishan da ta tsiro daga wannan aiki, wato SIM, ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Da a kan sakamako Bingham ya dogara, da aikin ya mutu tun a Girku. Abin da koyarwar Kirista ke nufi ke nan idan ta ce sanin Allah shi ne tushen hidima. Kuma ba haddar ayoyi ko takardar shaidar makarantar tauhidi ake nufi ba, ko da yake waɗannan suna da amfaninsu. Ana nufin irin sanin da ke zuwa ta zama tare: addu'a, bimbini a kan Maganar Allah, tuba, da biyayya ko da ba a ga dalili ba. Markus, a sura ta 3, ya nuna cewa da Yesu ya zaɓi almajirai goma sha biyu, dalili na farko shi ne su kasance tare da shi, aike su wa'azi ya biyo baya. Bulus ma bayan tubarsa bai ruga Urushalima neman muƙami ba. Ya gaya wa Galatiyawa cewa Arabiya ya nufa. Gargaɗi mafi zafi yana cikin Matiyu sura ta 7, inda aka kwatanta mutanen da suka yi annabci da al'ajibai da sunan Yesu, amma a ranar shari'a ya ce bai taɓa saninsu ba. Wato mutum zai iya cika gari da aikin Allah alhali shi da Mai aikin ba su san juna ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Dubi Dokta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Bature Mai Magani. Mai shagon magani ne a Toronto, ya rabu da dukiyarsa ya zo Nijeriya a 1902 yana da shekara 37, ya ci gaba da aiki har ya rasu a Jos a 1948. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932, tare da Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS da ya zauna Zariya daga 1905 kafin tashar ta koma Wusasa. Dukansu biyu sun ƙaunaci Hausawa, dukansu kuma ba su ga taron jama'a sun bi su ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita wa'azin mishan a masarautu, mutanen ƙasar kuma suna riƙe da addininsu na Musulunci da ƙarfi. Ƙofar da ta buɗu daga baya ta jinya ce: kula da kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, sai asibitin Galmi a Nijar. Wanke gyambon mutumin da danginsa suka guje shi, shekara da shekaru, ba aikin mai neman yabo ba ne.

Wannan ba ya nufin duk ɗan mishan waliyyi ne. An yi waɗanda suka zo da raini, suka ɗauki al'adar ƙasarsu tamkar ita ce bishara, suka daɗe ba su yarda su miƙa ragama ga 'yan ƙasa ba. Ni a wurina wannan ma hujja ce ga batun: wanda ya san Allah da gaske yana da wuya ya wulaƙanta mutumin da Allah ya halitta cikin kamanninsa.

Yau nauyin ya koma kan 'yan ƙasa. Ƙungiyar EMS ta ECWA, wadda ta faro tun 1948, tana aika masu bishara ƙauyuka da ƙetare, haka ma COCIN da EYN da sauran ikilisiyoyin TEKAN. Jarabar wannan zamani daban take da ta zamanin Gowans. Ana auna fasto da yawan kujerun da ya cika, da nauyin baiko, da ƙarfin lasifika. Mai bishara da ya shekara biyar a wani ƙauye da iyali uku kacal a sujada, yana noma don ya ciyar da gidansa, sai a ɗauke shi wanda ya gaza. Shi ma idan ya yarda da wannan ma'auni, ko dai ya karaya ya tattara kayansa, ko ya fara ƙara gishiri a rahoton da yake aikawa hedikwata. Dattawan da ke tantance masu cewa an kira su aiki sukan tambayi takardu da iya magana a gaban jama'a. Ya kamata su ƙara da tambayar maƙwabtan mutum da matarsa yadda yake idan an ɓata masa rai, su kuma tambaye shi yaushe rabonsa da buɗe Littafi Mai Tsarki ba don shirya wa'azi ba.